Jirgin da Bai Taɓa Ruwa Ba

Duk ranar Litinin da yamma muna taron aiki ta bidiyo, mu shida, kowa daga inda yake. Ni ina Kano, sauran suna warwatse a ƙasashe uku. Babbanmu a shekaru wani dattijo ne Ba'amurke, mazaunin jihar Tenesi, wanda ya fara rubuta manhaja tun kafin a haife ni. Kowa yakan gyara bayansa kafin ya kunna kyamara, wani ya jera littattafai, wani ya sa hoton bango na ƙarya. Shi kuwa daga gareji yake shiga taron, kuma a bayan kansa kullum akwai wani ƙaton abu na katako a kife, kamar akwatin da aka yi wa giwa.

Na yi wata uku ina kallon abin ban tambaya ba. Ranar da na tambaya, sai ya ɗauki kwamfutar ya zagaya da ni. Jirgin ruwa ne, in ji shi, mai ɗaki a kansa: gado, madafa, makewayi, da ɗan fili a gaba inda mutum biyu za su ajiye kujeru. Da hannunsa yake yin sa, Asabar da Lahadi, yau shekara shida ke nan. In ya yi ritaya zai ɗora shi a kan ƙaramar tirela, ya ja shi da mota zuwa bakin kogi, shi da matarsa su shiga su bi ruwa. Shekarunsa 63. A Amurka, wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama sai ya kai 67 yake samun cikakken fanshon gwamnati, saboda haka saura shekara huɗu.

Na yi masa fatan alheri, muka koma maganar aiki. Amma hankalina bai koma ba, domin abin da na gani a bayansa ba baƙona ba ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin gwamnati ne. Ya sayi fili a garinmu, ya yi shekara goma sha huɗu yana gina gidan da zai koma in ya ajiye aiki. Bana bulo ɗari biyar, baɗi siminti buhu ashirin. Ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya yi ritaya, ya zauna jiran giratuti don ya yi rufi. Ajali ya riga kuɗin zuwa. Ginin yana nan a linta, ciyawa ta fito a ɗakin da ya ce nan zai jera littattafansa.

Tun daga ranar nake ɗauke da tambaya ɗaya. Mutumin da ya kwashe shekarun ƙarfinsa yana yi wa wata rana gini, alhali ba shi da tabbacin zai gan ta, hankali ya yi ko wauta? Kuma in ya cutar, wa ya cutar?

Kafin a yanke wa mutum hukunci ya kamata a san abin da yake yi. Irin wannan jirgi asalinsa na talakawa ne. A ƙarni na 19 da farkon na 20, iyalai da yawa marasa fili sun zauna a gidajen kan ruwa a kogin Ohayo da na Misisipi, suna kamun kifi, suna bin aikin ƙodago daga gari zuwa gari. Abin da ya sauya yau shi ne kayan aiki da tirela. Dokar hanya a yawancin jihohin Amurka ba ta yarda a ja abin da faɗinsa ya wuce ƙafa takwas da rabi ba, wato kusan mita 2.6, sai da takardar izini ta musamman. Katakon filawud kuma ana sayar da shi ƙafa huɗu a faɗi, takwas a tsawo. Waɗannan awo biyu sun zana jirgin tun kafin mai shi ya ɗauki fensir. Phil Bolger, wani mai zanen jirage da ya rasu a 2009 bayan ya zana sama da 600, ya yi suna ne da irin waɗannan jirage masu kama da akwati, waɗanda masu son ƙawa suke rainawa amma kafintan gida yake iya haɗawa shi kaɗai.

Na dattijon nan tsawonsa mita 7 ne, faɗinsa 2.4, ƙasansa a shimfiɗe kamar faranti. Lissafin ba shi da wuya. Faɗin ƙasan ya kai murabba'in mita 16.8. Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya gare ta, saboda haka duk santimita ɗaya da jirgin ya nitse ya ture lita 168, ruwa kuma ya ɗauke masa kilo 168. In shi da mutane da kaya suka kai tan biyu, abin da zai shiga ruwa bai wuce santimita 12 ba, bai kai tsawon wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ba. Gudunsa da ƙaramin inji kilomita goma ne zuwa goma sha biyu a awa. Mai keke zai wuce shi.

Filawud ɗin da ya saya na itacen okume ne, wanda ake sarowa daga dazuzzukan Gabon. Ana ɗinke allunan da waya, a cike gaɓoɓin da gam ɗin ifoksi, a lulluɓe da ƙyallen zaren gilashi, a goge da samfefa, a sake shafawa, a sake gogewa. Ya ce rabin aikin guga ce. Masu manyan jirage a can suna mafarkin wata tafiya da suke kira Babban Zagaye, kusan mil 6,000: a bi gaɓar tekun Atilantika, a hau kogin Hodson, a ratsa manyan tafkuna zuwa Shikago, a gangara koguna har tekun Meziko, a dawo inda aka fara. Shi bai sa ransa a nan ba. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba ya son igiyar ruwa, doguwar rumfarsa kuma iska tana tura ta yadda ta ga dama. Kogin Tenesi da na Ohayo da tafkunan da ke kansu sun ishe shi.

To, ga tuhumar da ake yi wa irinsa, kuma tuhuma ce mai nauyi. Malamanmu suna kiran ta dogon buri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafin ƙarshe na Ihya'u don ambaton mutuwa, ya kuma danganta dogon buri da abu biyu: son duniya da jahilci. Ya siffanta mutumin da kullum yake jinkirta gyaran kansa har sai ya gama wani gini ko ya dawo daga wata tafiya, alhali kowane aiki da ya gama wasu yake haifarwa. Fiye da shekara dubu kafin shi, Seneka na Rum ya yi wa irin waɗannan mutane ba'a a wata risala da ya rubuta kan gajartar rayuwa: mutum ya tsara cewa zai fara hutawa a shekara hamsin ko sittin, kamar wani ya ba shi takardar lamunin kaiwa can. Musulmi da Barume, ba su san juna ba, sun haɗu a kan magana ɗaya.

Sana'ata ma ta ƙara wa tuhumar ƙarfi. Muna da wata ba'a da muke yi wa kanmu, cewa kashi 90 na farkon aiki yana cin kashi 90 na lokaci, ragowar kashi 10 kuma ya ci wani 90 ɗin. Ban taɓa ganin manhajar da aka gama a ranar da aka ce za a gama ta ba. Dattijon da kansa ya faɗa mini cewa gangar jirgin da nake gani, wadda ta ci shekara shida, ba ta wuce sulusin aikin ba. Saura ɗaki, tagogi, wayoyin lantarki, bututun ruwa, tankin mai, fenti, da ita kanta tirelar. Ya ce in ka duba tallace-tallacen tsofaffin jirage a intanet ba za ka rasa gangar da aka yi rabi aka bari ba, kuma sau da yawa matar mai ita ce take sayarwa. Ya faɗi wannan yana dariya. Na ce masa, to me ya sa ba za ka sayi tsohon jirgi ba? Ya ce da ya fi araha, kuma da Asabar mai zuwa yana kan ruwa.

A nan tuhumar ta zama kamar ba ta da amsa. In ruwa yake so, ga hanya mai sauƙi ya ƙi ta. Asabar da Lahadi ɗari uku sun tafi a gareji, kuma kowacce daga cikinsu rana ce da zai iya yi da matarsa ko jikokinsa. Ya ɗauki abin da ke hannu ya musanya da abin da ke gaba, gaba kuwa ta Allah ce.

Na daɗe a kan wannan ra'ayi. Abin da ya fara kwance shi wata magana ce da ya yi ba da niyyar kare kansa ba. Wata Litinin ya shigo taro da bandeji a yatsa, fuskarsa kuma kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce ya kwana uku yana fama da wani katako da ya ƙi lanƙwasa, jiya ya gano cewa in ya tsaga shi sirara uku ya manna su a lanƙwashe, sai ya zauna daram. Ya ce shekara arba'in yana rubuta abin da ba ya taɓuwa da hannu, wanda bayan shekara biyar wani yaro zai zo ya goge ya sake. Wannan katako kuwa ya san inda yake, kuma gobe in ya shiga gareji zai same shi a nan.

Sai na gane cewa aikin da ake yi don gobe iri biyu ne, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai wanda yake kwashe wa yau abin da ke cikinta ya kai wa gobe, mai shi yana daurewa, yana ƙirga kwanaki kamar ɗan kurkuku. Akwai kuma wanda gobe take ba shi dalili kawai, amma ladansa a yau ake karɓa. Ana iya bambance su da tambaya ɗaya: da za a gaya maka ba za ka ga ranar ba, za ka ajiye kayan aikin? Na farko zai ajiye, ya yi kukan shekarun da suka tafi. Na biyu zai yi baƙin ciki, sannan ya koma ya ƙarasa gugar da ya fara.

Akwai hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas, Bukhari ma ya kawo shi a Adabul Mufrad, wanda ma'anarsa ita ce ko da alƙiyama za ta tsaya alhali mutum yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Dashen da ba wanda zai ci 'ya'yansa. In da darajar aiki a cin moriyarsa kaɗai take, da wannan umarni ba shi da ma'ana. Saboda haka abin da malamai suka zarga a dogon buri ba shi ne yin aiki mai tsawo ba. Abin zargin shi ne mutum ya ɗauka ranar tana hannunsa, ya kuma jingine wajibin yau a kanta. Manomi yana shuka yana cewa in Allah ya kai mu, ba wanda ya taɓa kiran sa mai dogon buri.

Cikin waɗanda masu irin wannan jirgi suke ɗauka abin koyi akwai Harlan Hubbard, wani mai zane ɗan jihar Kentaki, da matarsa Anna. Sun yi aure a 1943, shi yana da shekara 43. A 1944 suka fara gina jirginsu a bakin kogin Ohayo da katakon da suka tsinto daga tsohon gini. Sun zauna a cikinsa wajen shekara biyu a ɗaure a gaɓa, sannan suka kwance igiya suka bi ruwa, suna tsayawa da bazara su yi lambu, har suka kai jihar Luwiziyana. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Shantyboat a 1953. Daga baya suka gina gida a wani kwari a bakin kogin, ba lantarki, suka zauna har Anna ta rasu a 1986, shi kuma a 1988. Abin lura a labarinsu shi ne ba su jira ritaya ba. Sun rage bukatunsu har rayuwar da suke so ta zama mai yiwuwa a lokacin. Amma ba su da 'ya'ya, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mai iyali goma ba zai yi koyi da su ba sai ya zubar da haƙƙi.

Wannan ya dawo da ni ga mahaifina, kuma a nan ma'aunin da na kawo ya gaza. Baba bai ji daɗin ginin nan ba. Ba ya son rigimar magina, ba ya son cinikin yashi, duk lokacin da ya dawo daga wurin da ciwon kai yake dawowa. In aka auna shi da tambayata, ya faɗi. Na daɗe ina jin haushin ginin a ɓoye, ina tuna shekarar da aka fasa gyara rufin gidan hayar da muke ciki saboda an sayi rodi.

Bara na faɗa wa mahaifiyata wannan magana, na ce, "Inna, da Baba ya san ba zai shiga gidan nan ba, da bai wahalar da kansa ba."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka don kansa yake yi? Malam ya sha gaya mini, in ya riga ni, kada in tsufa ina jiran mai haya ya ƙwanƙwasa ƙofa."

Ashe ranar da yake yi wa gini ba tasa ba ce. Da an gaya masa ba zai gan ta ba, da sauri zai ƙara. Saboda haka tambaya ta biyu ta zama dole: in ka tafi ka bar aikin a rabi, me zai zama ga waɗanda ka bari, dukiya ko kaya a ka? Fili da bulo a garinmu dukiya ne, ko ba rufi. Gangar jirgi a gareji kuwa, ga matar da ta haura sittin, kaya ce da sai ta biya a kwashe. A wannan ma'auni Baba ya fi dattijon Tenesi hujja, kamar yadda a ma'aunin farko dattijon ya fi shi. Ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ma'auni ɗaya in jefar da ɗayan ba. Aikin da ya faɗi a duka biyun, wanda mai shi ba ya jin daɗinsa yau kuma ba zai amfani kowa ba in ya tafi, shi ne ya cancanci sunan wauta.

Akwai wani ɓangare na maganar da ya fi taɓa ni a matsayina na mai sana'a. Mu masu manhaja mun saba sakin aiki da kurakurai a cikinsa, mu ce za mu gyara a sabuntawa ta gaba. Kusan kowace manhaja tana zuwa da dogon rubutu da ba mai karantawa, wanda taƙaitawarsa ita ce in ta cuce ka ba ruwanmu. Ruwa ba ya karanta irin wannan takarda. Wanda ya gina jirgi da hannunsa ya sa matarsa a ciki ta kwanta barci, ya ɗauki amanar rai a kan kowace gaɓa da ya manna, har da waɗanda fenti ya rufe, waɗanda ba mai duba su har abada. In ya gauraya gam ba daidai ba ranar da ya gaji, shi kaɗai ya sani. Iskar gas ɗin girki ta fi iskar shaƙa nauyi, in ta zuba sai ta taru a ƙasan jirgi tana jiran tartsatsi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba marar wari, kuma ya kashe mutane a gidajen kan ruwa. Tun a dokokin Hamurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta cewa wanda ya haɗa wa wani jirgi bai toshe shi da kyau ba, har ya lalace a cikin shekarar, to ya warware shi ya sake da kuɗinsa.

Mu ma ba sai an ba mu labarin ruwa ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Mun yi imani da ƙaddara, amma a irin waɗannan haɗura ana yawan samun wani da ya san jirgin ya tsufa, ko ya san lodin ya wuce, ya ce bari dai a tafi. Lissafin da na yi a sama na santimita da kilo ba na Turawa ba ne, haka yake a Neja da Binuwai.

Ta wannan fuska na daina ganin jinkirin dattijon a matsayin aibi. Ya taɓa gaya mini ya farke aikin wata biyu saboda ya yi shakkar wata gaɓa da ke ƙarƙashin inda gado zai zauna. Ba sufeton da zai gan ta. Ya ce shi ne zai kwana a kanta yana tunaninta. Ni da na sha sakin aikin da na san yana da rauni saboda ranar ƙarshe ta zo, na ji kunya.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda na san Bahaushe zai fara yi kafin duk waɗannan: ina dattijo zai je? A wurinmu tsufa komawa cikin mutane ne. Wanda ya ajiye aiki shi ne ake samu a zaure, shi ke sasanta rigimar gado, shi ke karɓar sadaki, shi ke gaba a jana'iza. Tsohon da ya ce zai ɗauki matarsa su bi kogi su biyu, za a ce ko dai akwai abin da ya same shi. Kuma a cikin wannan mamaki akwai gaskiya. Shekarun ƙarshe na mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Jikoki suna da rabo a ciki, maƙwabta suna da rabo, haka nan ƙanen da ya talauce. Al'ummar da tsofaffinta duk suka shiga jirgi suka tafi ta yi asarar abin da makaranta ba ta koyarwa.

Amma mu ma muna da namu kuskuren, ta ɗaya gefen. Ba mu yarda tsoho ya so wani abu don kansa ba. In ya ce zai koyi sassaƙa ko zai yi lambun furanni, sai 'ya'yansa su ji kunya, su ce Baba ka zauna ka huta, me za a ce da mu. Sai ya zauna. Na ga mutanen da suka riƙe manyan ofisoshi, shekara biyu bayan ritaya sun koma zaman benci da rediyo, suna jiran azahar in an yi su jira la'asar. Mun ba su girma, mun karɓe musu aikin hannu, kuma ban tabbata cinikin ya yi musu daɗi ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne amsar wannan tambaya tana cikin tirelar. Jirgin da ya fi ƙafa takwas da rabi faɗi ya fi daɗin zama, amma in ya shiga ruwa ya shiga ke nan, mai shi ya zama mutumin ruwa. Wanda ya yarda ya matse kansa cikin faɗin da hanya ta yarda da shi ya sayi damar dawowa. Dattijon ya ce sharaɗin matarsa ke nan tun ranar farko: ba za su wuce mako shida ba su dawo ba, kuma ba za a yi bikin wani jika suna kan ruwa ba. Da ya fara zane ya so ya ƙara ƙafa biyu a faɗin, ta ce in ya ƙara to ya nemi wadda zai tafi da ita. Ya ce a lokacin ya ji haushi, yanzu kuwa ya ga ita ta fi shi iya zanen jirgi.

Ina ganin nan ne gaskiyar take. Haƙƙin mutane shi ne farko, kuma shi ne yake yanka wa buri faɗinsa. Abin da ya rage bayan an fitar da haƙƙi na mutum ne, ba kuma abin kunya ba ne ya yi amfani da shi, ko da abin da yake so ɗin kwana ne a kan kogi yana jin kukan kwaɗi.

Shekaruna talatin da 'yan kai, kuma na gano ni ma ina da gangar jirgi a kife. Shekara biyar ina cewa in na tara abin da ya isa zan bar aikin dare da ƙasashen waje, in koma garinmu in koya wa yara rubuta manhaja. Kullum abin da ya isa ɗin gaba yake yi. Da na auna kaina da ma'aunan biyu, sai na ga na faɗi a duka: ba na jin daɗin jiran, kuma in na mutu yau ba yaron da ya koyi komai.

Ni da ƙannena mun haɗa kuɗi mun rufa ɗaki biyu a ginin Baba. Inna ta zaɓi na gabas, ta ce da damina ta wuce za ta koma. Ɗayan, wanda aka ce na littattafai ne, mun nome ciyawar, mun yi daɓe, na kai tsofaffin kwamfutoci uku da batir mai cajin rana. Asabar ɗin farko ta kowane wata ina zuwa. Yara bakwai ne, biyu daga cikinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Shi kuwa dattijon, a watan jiya ya tara maƙwabtansa goma sha ɗaya suka juya gangar ta koma daidai, a kan tsofaffin tayoyi, matarsa tana ɗaukar hoto. Litinin da ta biyo baya daga cikin jirgin ya shiga taro, zaune a kan bokiti a inda gado zai kasance. Ya nuna mini layin fensir da ya ja a gefe, inda lissafinsa ya ce ruwa zai tsaya. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce bai tabbata ba, sai ranar da aka sa shi a kogi, sannan ya tambaye ni ko yaran nawa sun fara rubuta wani abu.